Kwalin matattun wayoyi: wai mece ce ɗorewa, kuma nauyin a wuyan wa yake?

Mai Gyara:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta nan ko zan samu sauƙi. Shekarata goma sha ɗaya ina gyaran waya. A ƙarƙashin teburina akwai wani kwali da nake jefa duk wayar da mai ita ya haƙura ya bar mini. Jiya ina neman wata 'yar sifika na juye kwalin a ƙasa, sai na tsaya na ƙirga: waya 63. Abin da ya dame ni shi ne, in ka cire guda goma da ruwa ya cinye ko mota ta taka, sauran ba mutuwa suka yi ba. Wata batir ne ya kumbura, wata bakin caji ne ya lalace, wata sikirin ne kawai.

Ta ƙarshe da na jefa ta wata baiwar Allah ce. Shekara uku tana riƙe da ita, ko ƙwarzane babu. Batir kaɗai take buƙata. To an liƙe bayan da gam, sai da na gasa shi da iska mai zafi, ina ɗagawa a hankali gilashin ya ce ƙas. Na nemi wani, aka ce kamfanin ya daina yi. Ta kalle ni, na kalle ta, ta ce in bar shi kawai za ta sayi sabuwa. Kullum ina jin ana cewa ɗorewa, ɗorewa, a kula da muhalli. Ni dai ga tambayata: a wannan kwalin, laifin wa ne? Nawa, na matar, ko na wanda ya zuba gam ɗin?

Malamar Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Malam Mai Gyara, kwalinka yana da 'yan uwa da yawa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar kayan lantarki ya ce a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran yana juji, ko a aljihun tebur, ko an ƙona shi don a cire tagulla.

Ita kuwa kalmar ɗorewa, ma'anar da aka fi yawo da ita ta fito ne daga kwamitin da Majalisar ta kafa a ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland, wadda ta yi firayim ministar Norwe. A 1987 suka ce ci gaba mai ɗorewa shi ne wanda zai biya wa mutanen yau buƙatunsu ba tare da ya toshe wa na gobe hanyar biyan nasu ba. Ina koya wa ɗalibai wannan duk shekara, suna haddacewa su rubuta a jarrabawa, amma ban taɓa ganin ta hana ko ɗaya daga cikinsu jefar da robar ruwa ta taga ba.

Tsohon Malamin Daji:
Malama, ki yi mini izini in ja maganar baya kaɗan, tsofaffi sai da tarihi. Tun kafin a yi taron ƙasa da ƙasa a kanta, maganar nan ta masu daji ce. A 1713 wani jami'in haƙar ma'adinai a yankin Saksoni na ƙasar Jamus, Hans Carl von Carlowitz, ya ga ana sare itace babu ji babu gani don tokare ramukan azurfa da narka ta. Ya lissafa ya ga in aka ci gaba a haka, dajin zai ƙare, haƙar ma ta tsaya. Sai ya rubuta cewa kada a sare fiye da abin da daji zai iya mayarwa. Ku lura, ba son tsuntsaye ne ya sa shi ba, tsoron karyewar sana'a ne.

Ni da na yi shekara talatin a wannan aiki, ga yadda na fahimce ta. Daji kamar jari ne. Abin da ya ƙaru a shekara shi ne riba. Ka ci riba, uwar kuɗi tana nan. Ranar da ka fara taɓa uwar kuɗi kuwa, za ka ga kamar ka fi kowa samu, aljihu cike, kowa na yi maka kirari, har zuwa ranar da za ka sa hannu ka ji wayam. Wahalar ita ce, mai cin jari da mai cin riba a shekarar farko ba a bambance su da ido. Sau da yawa ma mai cin jarin ya fi ƙiba.

Ɗan Gardama:
Baba, da girmanka, bayaninka ya yi. Amma ni wannan wa'azin na "kowa ya kula da muhalli" ya ishe ni. Kun san wa ya yayata maganar nan ta kowa ya auna sawun hayaƙinsa, wato yawan hayaƙin da harkokinsa na yau da kullum ke fitarwa? Kamfanin mai na BP ne, a tallace-tallacensa wajen 2004 zuwa 2005. Mai haƙo man ne yake ce maka kai ka ji kunya don ka kunna fitila. Wani rahoto na 2017 ya nuna kamfanoni 100 kacal ne tushen kashi 71 cikin ɗari na hayaƙin masana'antu tun daga 1988. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya, wato hayaƙin da ke ɗumama duniyar. A taron Kofanhegan na 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, wa'adin ya zo ya wuce ba su cika ba sai daga baya. Sannan a zo a ce Yaya Mai Gyara ya kwana yana tunanin kwalinsa? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, shi ne abin da ake so mu yi.

Ɗalibar Tattali:
Yaya Ɗan Gardama, alƙalumanka daidai ne, amma ka ɓoye rabin labarin. Wancan kashi 71 ɗin, mafi yawansa hayaƙin man da gas da kwal ɗin da kamfanonin suka sayar ne, wasu suka ƙona. Su wa suka ƙona? Motar da ka hau, jirgin da ya kawo wayar da kake rubutu da ita, injin da ya yi simintin ɗakinka. Ba wai ina wanke su ba ne. Ina cewa igiyar tana da baki biyu, ɗaya na hannunsu, ɗaya na hannunmu, sai dai nasu ya fi kauri nesa ba kusa ba.

Ɗan Gardama:
Ƙanwata, to in daina hawa mota in tafi aiki da ƙafa? Wanda ba a ba shi zaɓi ba, ba a ɗora masa laifi.

Ɗalibar Tattali:
A nan na yarda da kai. Shi ya sa tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa yake tsara zaɓin.

Uwar Biyu:
Ni fa ku masu boko kun fara nisa, bari in dawo da ku cikin gida. Ba na zubar da kwalba. Rigar babba ita ƙaramin ke sawa, in ta mutu ta zama tsumman goge-goge. Bokitina ya tsage na kai an liƙe shi har sau biyu. Kwanaki 'yata ta dawo daga makaranta tana ce mini an koya musu sake amfani da kaya, wai ni gwana ce. Na yi dariya na ce 'yar nan, babu ce ta koya mini. Kuma gaskiya na faɗa. Da ina da hali, wallahi sabon bokiti zan saya, ban ɓoye muku ba.

To shi ne nake tambaya, Baba da Malama: abin da mutum ya yi don dole, shi ma ana lissafa shi a kula da muhalli? Ko sai mai kuɗi ya yi shi da gangan ya ɗauki hoto ya sa a Facebook sannan ya zama abin yabo? Don na ga abin da muke yi muna jin kunya, shi wasu ke yi ana tafa musu.

Malamar Kimiyya:
Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ita ƙasa ba ta tambayar niyya, bokitin da ba a jefar ba ba a jefar ba ne, ko don babu ko don sani. Amma ba na son mu mayar da talauci abin ado. Wadda ke girki cikin hayaƙi idonta na hawaye ba gwarzuwar muhalli ba ce, mace ce da huhunta ke lalacewa. Ko ma'anar 1987 ɗin da na kawo, da buƙatun mutanen yau ta fara, kuma ta ce na matalauta ne a gaba. Abin da nake fata shi ne ranar da hali ya zo, hannun da ya iya liƙe bokiti kada ya manta. Yawanci abin da ke faruwa ke nan, samu na zuwa, gyara ya zama abin kunya.

Tsohon Malamin Daji:
'Yata Uwar Biyu, ki riƙe halinki ko kin yi kuɗi. A Suratul A'arafi aya ta 31 an ce a ci a sha amma kada a yi almubazzaranci. Ba a ce kada a ci ba. Kuma akwai hadisin da ke cewa in Alƙiyama za ta tsaya alhali ɗayanku na riƙe da dashen dabino, in zai iya dasa shi kafin ta tsaya, to ya dasa. Na daɗe ina juya wannan a raina. Mutumin ba zai sha inuwar ba, babu ma wanda zai sha. Duk da haka an ce ya dasa. Wato ba a ɗaura aikin da ganin sakamako ba. Ɗana Ɗan Gardama, wannan ce amsata gare ka, ko da yake na san ba za ta ishe ka ba.

Ɗan Gardama:
Baba, ban isa in ja da hadisi ba. Amma dasa bishiya daban, raya ta daban. Sau nawa muka ga manya sun sa hula sun riƙe shebur an ɗauki hoto, bayan wata uku ka koma ka tarar da tsinke a tsaye? In za a ƙirga, a ƙirga wadda ta kai shekara biyar.

Tsohon Malamin Daji:
Wannan kam ka faɗi gaskiya, kuma da ni a cikin masu laifin. Na sha rubuta rahoton "an dasa dubu kaza", ban taɓa samun wanda ya aiko yana tambayar nawa suka rayu ba. Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itace a 1977 har ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, dabarar da ta yi ita ce matan da ke dashen ana ba su ɗan ihsani ne a kan itacen da ya rayu. Da mun yi haka da ba a kai mu inda muke ba.

Mai Gyara:
Jama'a kun bar ni da kwalina kun shiga daji. Wanda ya zuba gam ɗin fa?

Ɗalibar Tattali:
Yaya, yi haƙuri, ga naka. Abin da kake zargi ya taɓa faruwa a fili, da takardu. A ƙarshen 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, suka haɗu a Janeba suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci. Wanda nasa ya wuce haka tara ake cinsa. Ban ce duk mai zuba gam yau makirci yake yi ba, gam yana sa waya ta yi siriri ta kuma hana ruwa shiga, mu kuma masu saye siririyar muke so. Amma kamfani ba ya asara in wayarka ta mutu a shekara ta uku, riba ma yake ci. Duk inda ɓarna ba ta taɓa aljihun mai yin ta ba, sai doka ta shigo. Faransa a 2021 ta tilasta a manna wa waya da kwamfuta da injin wanki maki daga cikin goma na sauƙin gyara, mai saye ya gani kafin ya biya. Tarayyar Turai kuma daga ƙarshen 2024 ta ce sababbin wayoyi su zo da bakin caji iri ɗaya, USB-C. Kamfanin da ya yi shekaru yana cewa ba zai yiwu ba, sai ga shi ya yiwu.

Sai dai kada mu ɗauka ingancin kaya kaɗai zai fitar da mu. Tun 1865 wani masanin tattalin arziki a Ingila, William Stanley Jevons, ya lura cewa da injuna suka rage cin kwal, sai ƙasar ta ƙara ƙona kwal, don ya yi araha kowa ya shiga. Haka muke da fitilun zamani marasa cin wuta: da guda ɗaya ce a ɗaki, yanzu shida ne har da na ado, a bar su har safe. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ɗan Gardama:
To kin gani, doka ce ta yi aiki, ba wa'azi ba. Maganata ta fito.

Malamar Kimiyya:
Rabinta ta fito, ƙanena. Ɗauki misalin da ya fi kowane nasara. A 1985 masanan Birtaniya suka sanar cewa lemar ozon da ke tare mana hasken rana mai cutarwa ta huje a saman Antatika. Sanadin wasu sinadarai ne da ake sawa a firji da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanin feshi. Shekara biyu kacal, a 1987, aka sa hannu a yarjejeniyar Montiriyal, daga baya kowace ƙasa ta shiga. Yanzu lemar tana haɗewa, ana sa ran ta saman Antatika za ta koma yadda take wajen 2066. Doka ce, na yarda. Amma tun a shekarun 1970 mutane a Amurka suka fara ƙin sayen gwangwanin feshin, ciniki ya faɗi, kamfanoni suka shiga neman madadi. 'Yan siyasa ba sa tsallen da ba su ga inda za su dira ba.

Na iskar kabon ya fi wuya don ba sinadari ɗaya ba ne a cikin firji, shi ne wutar da komai ke tafiya a kanta. Kafin zamanin masana'antu tana wajen kashi 280 a cikin miliyan na iskar da muke shaƙa, da aka fara aunawa a dutsen Mauna Loa a 1958 tana wajen 315, yau ta haura 420. Yarjejeniyar Faris ta 2015 ta ce a tsayar da ɗumamar ƙasa da digiri 2, a yi ƙoƙarin 1.5, amma kowace ƙasa ita ke yanka wa kanta abin da za ta rage.

Ɗan Gardama:
Wato ɗalibi ya ba kansa maki. Malama, ke kin taɓa yarda da haka a ajinki?

Wani Mai Wucewa:
Duk ƙarya ce, zafi da sanyi na Allah ne, Turawa ne ke son hana mu ci gaba, ku kuma kun zama karnukan farautarsu.

Mai Kula da Zaure:
Malam, ra'ayi a buɗe yake, zagi ne babu. Ka gyara kalamanka ko in cire. A ci gaba.

Tsohon Malamin Daji:
Bawan Allah, cuta ma ta Allah ce, amma kana zuwa asibiti. Bari in ba ka abin da ba hasashe ba ne, ya riga ya faru. Tafkin Aral, tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, a da shi ne na huɗu a girma a duniya. Daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan da ke ciyar da shi, Amu Darya da Sir Darya, zuwa gonakin auduga. Audugar ta yi kyau, an yi ta samun lambar yabo. Yau ka nemi hoton garin Moynak, za ka ga jiragen kamun kifi sun yi tsatsa a kan rairayi, ruwa ya yi musu nisan gomman kilomita, iska na kwasar gishiri da maganin ƙwari tana watsa wa mutane. A Kanada kuma, tekun Niyufawunlan da aka yi ɗaruruwan shekaru ana kamun kifin kod, manyan jirage suka share shi, a 1992 gwamnati ta rufe kamun, wajen mutum 30,000 suka rasa sana'a. Ƙananan masunta sun daɗe suna cewa kifin na ƙanƙancewa, ba a saurare su ba don lissafin ofis ya ce lafiya lau. Cin uwar kuɗi ke nan.

Ɗalibar Tattali:
Baba, wannan na masuntan shi ne abin da Elinor Ostrom ta yi rayuwarta a kai, mace ta farko da ta samu Nobel a tattalin arziki, a 2009. Kafin ita an ɗauka duk abin da jama'a suka yi tarayya a kai, makiyaya ko ruwa ko daji, dole ya lalace sai gwamnati ta karɓe ko a sayar wa mutum ɗaya. Ta bi makiyayan tsaunukan Siwizalan da manoman rani na Sifen da Nefal, ta tarar da waɗanda suka riƙe abinsu tsawon zamani. Sirrin ba kirki ba ne kawai. Sun san iyakar abin, su suka yi dokar da kansu, suna ganin juna, kuma wanda ya karya ana hukunta shi daga ƙarami zuwa babba. Tsakanin mutum ɗaya da taron ƙasashen duniya akwai wani mataki da muke tsallakewa, na mutanen da suka san fuskar juna.

Mai Gyara:
To tunda kowa ya faɗi gaskiya, bari in faɗi tawa, laifi tudu ne. Ba duk wayar da ke kwalin ce ta gagare ni ba. Akwai waɗanda da na zauna awa biyu da abin ƙara girman gani da dalma, da sun tashi. Amma a awa biyun zan canza sikirin huɗu, sai in ce wa mai ita "ta mutu, sayi wata". Na faɗi haka ya fi a ƙirga. Sannan batiran da nake cirewa, cikin shara nake zuba su tare da komai. Wata rana ɗaya ya kama wuta a kwandon, na kashe da ƙasa na ci gaba da aikina. Mai gam yana da nasa, amma wannan kam ba shi ya riƙe mini hannu ba.

Ƙanwata, maganarki ta waɗanda suka san fuskar juna ta shige ni. Mu masu gyara a layinmu mun fi ashirin, kowa da kwalinsa. Sifikar da na juye kwali ina nema jiya, ƙila tana ƙarƙashin teburin maƙwabcina.

Malamar Kimiyya:
Malam, batiran nan ka fara da su tun yau. Ka manne bakin kowane da salatif, kada ka huda ko ka lanƙwasa wanda ya kumbura, ka tara su a gwangwanin ƙarfe da yashi a ciki, nesa da rana da inda kake gasa waya. Akwai ma'adinin kobal a cikinsu, wanda fiye da kashi biyu cikin uku na duniya daga Kwango ake haƙo shi, wani da hannu a rami. In kun tara da yawa ku ashirin ɗin, masu sake sarrafawa sun fi sauraron mai buhu a kan mai guda biyar.

Uwar Biyu:
Ni dai a kwalin nan in akwai wadda za ta tashi, 'yata na buƙatar ta karatu. Zan biya kuɗin awa biyun.

Ɗan Gardama:
Har yanzu ina kan bakana, manyan ne za su biya. Amma Yaya Mai Gyara, wayata tana mutuwa caji na kashi 30, na riga na fara duba sabuwa. Batir ne ko in haƙura?

Mai Gyara:
Batir ne. Turo mini lambar samfurin ta akwatin sirri in duba ko bayan na gam ne, don in na gam ne sai ka sa hannu cewa gilashi in ya fashe ba ruwana. Hajiya, ke kuma ki ba ni zuwa Asabar, akwai guda biyu iri ɗaya da nake ganin za a haɗa su su zama ɗaya.